Hure da Allura ta Uku

Bismillahi. Zuliha, gyara zama ki ɗora littafin a gwiwa. Abin da na faɗa shi za ki rubuta, kada ki gyara mini magana ki mai da ita ta 'yan boko. In na yi tari ba sai kin rubuta ba.

Fara da cewa ni ne Basiru na Unguwar Ɗan Iya, ƙauyen nan namu da ke tsakanin Ɗambatta da Bici, kakanki na wajen uba. Amma labarin ba nawa ba ne, na kakarki Hure ne, matata, wadda ba ki riska ba. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba. In na mutu ban faɗa ba, shi ke nan ta tafi sau biyu.

Abin da ya ta da maganar kin san shi. Jiya kin zo da takarda daga makarantarku ta koyon aikin dabbobi, wai ba za a bar ku ku taɓa dabba ba sai an yi muku allurar haukan kare. Uwarki ta dafe ƙirji ta ce, "Kare ne ya cije ta?" Kuka ga ina dariya har da hawaye, kuka ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Tambayar nan na taɓa jin ta shekara arba'in da suka wuce, kuma saura ƙiris ta hana ubanki Khalilu zama abin da ya zama.

An haifi Hure a wani ƙauye yamma da Shanono, gidan manoma. Tana da ƙane, Tasi'u, autansu, ita ta goye shi har ya yi ƙafa. Yana da shekara bakwai, ita tana sha biyu, wani kare ya ɓullo daga cikin karan dawa da kaka ya cije shi a ƙwauri. Aka kashe karen, aka ƙona gashinsa aka shafa a ciwon, yadda aka saba. Ciwo ya warke sumul. Aka ce a ƙirga kwana arba'in, in ya wuce su ya tsira. Ran kwana talatin da uku, da rana tsaka, ya ce da ita ƙishirwa yake ji. Ta ɗebo ruwa a ludayi. Yana ganin ruwan sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture hannunta. Yana kuka yana cewa, "Yaya, ba ni ruwa," in ta kawo ya ce, "Yaya, tafi da shi." Kwana uku a haka. Aka rufe shi a ɗaki, ita tana zaune a bakin ƙofa da ludayin a cinya, har Allah ya karɓi abinsa.

Sau ɗaya tak ta ba ni labarin nan, mun kai shekara goma da aure. Kafin nan ni ban gane wata ɗabi'arta ba. In ta kawo wa mutum ruwa, ba ta ajiyewa ta juya kamar sauran mata. Sai ta ɗan ja baya ta tsaya, idonta a wuyansa, sai ta ga ya haɗiye kana ta tafi. Ina ango har na ce mata, "Ke, awon ruwan kike yi ne, ko rowa ce?" Ta yi murmushi kawai. Gajeriya ce, mai wushirya, ba ta da yawan magana. Sana'arta daddawa. In ta dafa kalwa ta rufe ta kwana uku ta buɗe, tun daga bakin rijiya za ka san Hure ta buɗe tukunya. Har daga Bici ana aiko a saya.

Ubanki shi ne ɗanmu na fari. To, ku yanzu kun watsar da wannan, na ga mata suna rungume ɗan fari suna yi masa waƙa a gaban surukai. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da shi in da mutane. Kunya ce, kuma mutunci ne. Ana yaye Khalilu wana Sama'ilu ya ɗauke shi riƙo, don shi Allah bai ba shi namiji ba. Gida ɗaya muke, gandu ɗaya, shi ne babba. Danga ce kawai tsakanin sashensa da namu. Khalilu ya tashi yana ce wa Sama'ilu Baba, ni kuwa Baffa. Hure ta haifi shida bayansa, huɗu suka tsaya, waɗannan tana kiransu da suna, ta zage su, ta dungure su. Shi kuwa sunansa a bakinta Wancan. "A miƙa wa Wancan tuwo." "Rigar Wancan ta yage, a kawo." Shekara goma sha tara haka.

Rubuta kamannin Sama'ilu, don za a buƙace su gaba. Dogo ne, mai kwarjini, amma fuskarsa duk zanzana, ramuka-ramuka kamar ƙasar da yayyafi ya buga. Muna yara masu lamba suka zo garinmu, masu tsaga damtse saboda agana. Mutane suka tsorata. Innarmu ta jefa Sama'ilu cikin rumbu ta rufe, ni kuwa na tafi kallo aka cafke ni aka yi mini. Ga tabon nan, duba. Da bazara agana ta shigo, ta kwantar da shi wata biyu, ta tsallake ni. Ba wanda yake ta da maganar nan a gabansa. Kuma yana son Khalilu so na gaske. Shi ya sa shi a boko, shi yake raka shi har bakin hanya.

Sai shekarun wahala suka zo. Da farko ciwon bushiya, annobar nan mai kashe garke, ya faɗa wa shanu. Shanun huɗarmu biyu, Jan da Baƙin, Khalilu ne mai kula da su tun suna maruƙa. A gabansa suka kwanta, hanci yana zuba, ido yana zuba. Masu huji, masu yi wa shanu allura, ba su iso mu ba sai da turke ya zama wayam. Ranar Khalilu ya ce shi aikin masu hujin nan zai koya. Shekarar da ta biyo ruwa ya ɗauke, gero ya bushe yana iya gwiwa. Muka ci dusa da tafasa. Maza suka watse ci-rani, har malamin firamarenmu ya rufe aji ya bi su.

A cikin wannan hali takarda ta zo, an ɗauki Khalilu a makarantar malaman dabbobi, tafiyar yini guda a mota. A duk ƙauyukan nan shi kaɗai. Ko ba komai, a can za a ba shi abinci sau uku. Amma da sharaɗi. Sai an yi masa allura uku: ta farko, ta biyu bayan kwana bakwai, ta uku ran kwana ashirin da takwas. Kowace da hatimi a kati. Da katin zai shiga makaranta a makon da ke biye. Wanda hatiminsa bai cika uku ba, a ba wani gurbinsa. Mu dai ya ce mana allurar makaranta ce, ba mu tambayi ta mece ce ba. Ya hau keken Sama'ilu ya je asibiti a Ɗambatta aka yi ta farko, lafiya lau.

Ran ta biyu aka samu matsala. Akwai wata tsohuwa Luba, dillaliya, ita ce take kai daddawar Hure gida-gida. Ranar ta je asibitin nan da ciwon ido. Tana zaune a benci sai ta ji malamin asibiti ya leƙo ya ce, "Ina mai allurar kare?" Ta ga ɗan gidanmu ya miƙe. Ido ɗaya gare ta mai gani a ranar, amma ya ishe ta. Ta shigo mota, shi yana kan keke, labari ya riga shi isowa.

Kada ki ga laifin mutane da yawa, Zuliha. Mu abin da muka sani, allurar kare ta wanda kare ya ciza ce, guda goma sha huɗu a zagayen cibiya. Ba wanda ya taɓa jin an yi wa mai lafiya. In an ga mutum da likkafani a hannu, ai ba a tambaya ko an yi mutuwa.

Sama'ilu ya tare shi a zaure, ko keken bai jingine ba.

"A ina ya cije ka?"

"Wa, Baba?"

"Kada ka mai da ni yaro. Karen."

"Wallahi Baba ba abin da ya cije ni. Rigakafi ne. Ga takardar."

Ya zaro takarda ya karanta ya fassara. Sama'ilu ya karɓa ya juya ta sama ya juya ta ƙasa. Turanci ce. Duk garin mutum ɗaya ne ya rage mai karanta Turanci, shi ne kuma wanda ake tuhuma. Sama'ilu ya ce, "In ka ce mini an rubuta ni ne hakimi a ciki, yaya zan yi in musa? Tsoron rasa makaranta ya sa ka ɓoye. Ni kuwa gara in rasa makaranta da in rasa ka." Yana faɗa idonsa yana kawo ruwa.

A garinmu wanda kare ya ciza akwai yadda ake yi da shi. Kwana arba'in ba ya fita, ba ya zuwa rijiya, ba ya ƙetare rafi, ba a haɗa hannu da shi a akushi. Sama'ilu ya ce daga ranar za a fara ƙirga. Kin ga lissafin: saura kwana ashirin da ɗaya allura ta uku, shi kuwa an ɗaure shi arba'in. Aka share masa ɗakin da ke kusa da turken shanu, aka ware masa ƙoƙo aka yi masa tsaga a baki don kada ya ɓace cikin sauran. Aka ɗaure keke da sarƙa.

 Da yamma na shigo na tarar Hure ta kwaso wandunan Khalilu duka uku daga kan danga, tana ɗaga su ga rana ɗaya bayan ɗaya, tana bin ƙafafun da yatsa. Hudar haƙori take nema. Ba ta samu ba. Sai ta ce da ni, ba ta dube ni ba, "Malam, ka kai Wancan makewayi ka duba shi. Tun daga ka har tafin ƙafa. Har tsakanin yatsu."

Na kai shi. Saurayi ɗan sha tara, har da gemu ya fara, ya tsaya yana kare jiki da hannu yana cewa, "Haba Baffa, haba Baffa." Na ce, "Rufe mini baki, ni ma aiko ni aka yi." Ban ga komai ba sai tsohon saran fartanya a babban yatsa. Na gaya mata. Na gaya wa Sama'ilu ma, ya ce, "Kai da ba ka ganin zare a allura? Ko lasa ce a kan ƙurji ai ta isa."  Rubuta wannan yadda na faɗa: na san ba cizo, amma na yi shiru, don ƙane ba ya ja da wa. Har akushin ma na daina ci da shi. Allah ya yafe mini.

Gari ya ɗauka. Aka daina aiko sayen daddawa. Luba ta dawo da ƙwarya cike ta dire a tsakar gida ta ce, "Uwar ɗakina, ko kyauta sun ƙi. Wai hannun da ya tuƙa wa mai haukan kare tuwo shi ya mulmula." Hure ta ce, "To bakin da ya kai musu labari fa, shi ba sa gudunsa?" Luba ta ce, "Ni abin da na ji na faɗa." Hure ta ce, "Da kin je da ciwon kunne da mun huta."

Wata safiya da hantsi na zagayo ta bayan turke zan ɗauki igiya, sai na gan ta. Ta ajiye ƙwaryar ruwa a bakin ƙofarsa, ta ƙwanƙwasa kyauren da ɗan kara, ta koma bayan danga ta durƙusa, ta sa ido a wata kafa. Ya fito, ya waiga bai ga kowa ba, ya ɗaga ƙwaryar ya kafa kai. Ina kallon ta tana kallon zakaran wuyansa yana hawa yana sauka. Sai da ya ajiye kana ta saki numfashi.

Na ce, "Me kike leƙe?"

Ta zabura ta ce, "Kaza nake nema."

"A tsugune?"

"Gajeriyar kaza ce."

Kullum haka. Ruwa kuwa a shekarar sai an kwana biyu ana yasar rijiya, na shanta take ragewa. Kuma ta ji Khalilu ta bayan danga yana roƙon Sama'ilu yana faɗin kwanakin, sai ta ƙirga kalwa ashirin da ɗaya ta zuba a ludayi. In ya sha ruwa ta cire ɗaya. Ban san me take nufi da su ba, ban kuma tambaya ba.

Da kalwa ta rage biyar, ina gyara ƙotar fartanya a tsakar gida, na tuɓe riga saboda zafi. Ta zo wucewa da tukunya sai ta tsaya a kaina. Ta sa yatsa ta taɓa tabon lambar nan, abin da ba ta taɓa yi da rana ba.

"Malam, da aka yi maka wannan, agana ta kama ka ne?"

Na ce, "A'a, lafiyata ƙalau, kallo na je."

Ta ce, "Uhm." Ta ɗauki tukunyarta ta wuce.

Ran da kalwa ta rage ɗaya, bayan la'asar, Khalilu ya roƙi a saurare shi. Muka zauna a zaure, ni da Sama'ilu da liman da dattawa uku. Aka tsayar da shi can bakin ƙofa, nesa da tabarma. Ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Ya ce gobe ce rana, in ta wuce makaranta ta wuce. Liman ya ce a yi haƙuri, abin da Allah ya rubuta naka ba ya wuce ka. Sama'ilu ya ce, "Saura kwana ashirin. Ka cika su, ko Makka kake so ni zan raka ka." Aka shafa fatiha za a tashi.

Sai muka ji sallama ta ƙofar cikin gida. Hure ce, lulluɓe da mayafi, da ƙwarya a hannu. Shekara ashirin da ɗaya tana gidan nan ba ta taɓa shigowa zaure da maza a ciki ba. Ta durƙusa ta gai da liman, ta gai da Sama'ilu.

Sama'ilu ya ce, "Lafiya, Hure?"

Ta ce, "Yaya, a gafarce ni. Ruwa na kawo."

Ta juya wajen ƙofa. Ni ina jira in ji ta ce a miƙa wa Wancan. Sai na ji ta ce, "Khalilu."

Wallahi, Zuliha, shi kansa bai amsa ba. Waigawa ya yi bayansa, ko da wani Khalilun.

Ta sake cewa, "Khalilu, zo ka sha."

Ya tako kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ya durƙusa ya karɓa daga hannunta zuwa nasa.  Ya sha rabi. Ta karɓa, ta juyo da daidai inda ya sa bakinsa, ta shanye sauran.

Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi!"

Sama'ilu, wanda na taɓa ba labarin Tasi'u, ya ce, "Hure, kin yi ganganci, kuma ba hujja ba ce. Ke kika fi kowa sani. Ƙaninki ai ya sha ruwa har kwana talatin."

Na ga maganar ta soke ta. Ta sunkuyar da kai, har na ce shi ke nan. Sai ta ɗago.

"Gaskiya ne, Yaya, talatin da biyu ma. Amma Tasi'u da ciwo a ƙwauri, ni na wanke shi. Wannan an duba ba ko ƙwarzane. Ni ban san takarda ba. Amma akwai wata takardar da kowa a zauren nan ya iya karantawa. Malam, ɗaga hannun rigarka."

Ni take nufi. Na ɗaga. Ta ce da liman, "Allah gafarta Malam, kai ma na san kana da ita." Liman ya naɗe hannun riga, ga ta nan. Dattawan nan kowa ya shafa damtsensa.

Ta ce, "Duk da lafiyarku aka yi muku. Ba a jira cuta ta zo ba." Sai ta dubi Sama'ilu ta rage murya. "Yaya, ka yafe mini abin da zan faɗa. Inna ba ƙin ka ta yi ba da ta sa ka a rumbu. So ne. Duk cikinku kai ta fi so, shi ya sa kai ta ɓoye. Ɗakin can na bakin turke, rumbu ne."

 Ni na ce yau aurena ya mutu. Sama'ilu ya ɗaga hannu a hankali ya shafa fuskarsa, tun daga goshi har haɓa. Ya daɗe a haka.

Hure ta ƙara da cewa, "Ɗanku ne, ba ni da iko da shi. Amma da a zamanin Tasi'u akwai allurar da ake yi tun kare bai zo ba, da a ƙafa zan goya shi har Kano."

Wannan dattijon mai subhanallahi ya ce, "To ko an bar shi, ai hanyar Ɗambatta sai an ƙetare rafi."

Sama'ilu ya sauke hannu ya ce, "Wane rafi? Bana ko kwaɗo ya tafi ci-rani." Liman ya fara dariya, ya mai da ita tari. Sama'ilu ya dubi Khalilu ya ce, "Ni zan kai ka. In ji da kunnena daga bakin malamin asibitin. In ƙarya ka yi, a can zan bar ka."

Da sassafe ya kwance sarƙa. Mutum mai shekara hamsin da biyar, cikinsa ba komai sai kunun dusa, ya ɗauki ƙato a bayan keke. Khalilu ya ce, "Baba, kawo in tuƙa." Ya ce, "Ka tuƙa ka gudu da ni?" Ubanki ya ba ni labari daga baya, wai da suka isa Sama'ilu ya tsare malamin asibiti da tambaya har layi ya taru. Malamin ya ce masa, "Baba, ɗanka zai riƙa sa hannu a bakin dabbobin da bai sani ba. Shi ya sa ake riga cutar zuwa." Sama'ilu ya ce, "Kamar lamba." Malamin ya ce, "Kamar lamba." Sama'ilu ya tsaya a kansu har aka tsira allurar, aka buga hatimi, ya karɓi katin ya ƙirga da yatsa.

Suka dawo da azahar. Sama'ilu bai shiga sashensa ba, ya tsaya a bakin danga ya yi gyaran murya.

"Hure, ɗanki ya samu hatimi uku."

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗanku dai, Yaya. Sannunku da hanya. A kai wa Wancan ruwa."

Shi ke nan, ya koma Wancan. Ba ta sake kiran sunan ba har ta bar duniya. Sau biyu ta faɗe shi, duk a zaure ɗaya, a yini ɗaya.

Khalilu ya tafi makaranta a makon da ya biyo. Daddawa kuwa sai da kwana arba'in ɗin suka cika cif kana mutane suka dawo saye, don mutanenmu ba a raba su da lissafinsu. Luba ce ta fara zuwa, tana cewa ita dama tun farko ba ta yarda ba. Sauran kin sani. Ubanki ya yi shekara talatin yana yawo ƙauyukan nan, shanu, awaki, karnukan mafarauta. Sau biyu kare ya cije shi a bakin aiki, ɗaya mahaukaci ne tabbas. Ya wanke da sabulu, ya je aka ƙara masa allura, ga shi nan da furfurarsa. Duk sanda aka ce an cije shi, Hure sai ta ɗauko ludayinta ta zuba kalwa arba'in, ko an gaya mata ba a buƙata. Kuma duk zuwansa gida, da girmansa da babur ɗinsa, sai ta aika masa da ruwa ta laɓe a bayan danga. Ya sani. Sai ya riƙa sha a hankali, yana ɗaga wuya sosai, yana juyowa wajen kafar.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba, kwana tara. Ran na ƙarshe da hantsi ta daina karɓar komai daga hannun kowa. Ubanki ya iso, ya zauna a gefen gadon, abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗebo ruwa a ludayi ya kai bakinta. Ta buɗe ido ta dube shi, ta kau da kai kaɗan. Na ce ko kunyar ce har yanzu. Sai ta ce, da ƙyar ake ji, "Fara sha in gani."

Ya sha. Ta bi wuyansa da ido har ya haɗiye. Kana ta buɗe baki ya ba ta sauran.

Da muka buɗe kwallarta bayan bakwai, a ƙarƙashin zannuwa muka tarar da katin nan mai hatimi uku. Ashe da ya gama makaranta ya yar da shi cikin tarkace, ta tsince. Da ƙwayar kalwa ɗaya a ƙulle a bakin tsumma, ta ranar ƙarshe, wadda ba ta cire ba. Suna wajen ubanki, ki ce ya nuna miki.

To, ajiye alƙalamin haka, hannunki ya gaji. Ranar da aka sa miki ki je a yi miki, kada ki tsallake ko ɗaya. Uwarki kuwa ki karanta mata wannan, a hankali, ba da tsiwa ba, ita ma so ne. Allah ya jiƙan Hure, ya jiƙan Sama'ilu, ya jiƙan Tasi'u. Miƙo mini moɗar can, maƙogwarona ya bushe.